Ƙungiyoyin Samari da Matakan Gwamnati a Yankin Pusiga da Bawku, 1954 zuwa 2025

1.0 Gabatarwa

Pusiga gari ne da ke can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Ghana, inda iyakar Togo da ta Burkina Faso suka matso kusa da juna. Har zuwa shekarar 2012 yana ƙarƙashin mulkin Bawku ne, sa'annan aka yanke shi ya zama gunduma mai cin gashin kanta. Mutanen yankin sun haɗa da Kusasi da Mamprusi da Bisa da Moshi da Fulani da Hausawa, kuma Hausa na daga cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwannin wurin. A Pusiga ne kushewar Naa Gbewaa take, watau kakan da gidajen sarautar Mamprusi da Dagomba da Nanumba suke jingina asalinsu gare shi. Labarin baka ya nuna cewa shi jinin Tohazie ne, wani maharbi da ake yi wa laƙabi da Jan Maharbi, wanda aka ce ya ratso ta ƙasar Zamfara.

Duk wanda ya bi tarihin tashe-tashen hankula a wannan yanki, da kuma a Yendi da Salaga, zai ga samari ne a gaba: su ke tare hanya, su ke riƙe makami, su ake kamawa, su ake binnewa. Amma da wuya a sami ƙungiyar da samarin suka kafa don kansu kawai. Kusan kowace tana da ubangida, ko a gidan sarauta ko a ofishin jam'iyya. Matakan da gwamnatoci suka ɗauka tun zamanin Turawa kuwa, yawancinsu a kan yaron suke sauka.

2.0 Kalmomin da ake amfani da su

Ya kamata ɗalibi ya fara lura da kalmomi, domin kowane gari da sunan da yake ba abin. A Kano ana cewa 'yan daba. Asalin daba shi ne wurin da mafarauta ke taruwa, shi ya sa tarihin 'yan daba ba ya rabuwa da na 'yan farauta da 'yan tauri. Akwai kuma 'yan banga, watau masu raka ɗan siyasa suna buɗe masa hanya, kuma masana da dama na ganin kalmar ararriya ce daga Turanci. A Gombe ana cewa 'yan kalare, a Bauchi sara-suka. A Nijar dandalin da samari ke zaman shan shayi shi ne fada, a Nijeriya majalisa, a zangunan Ghana kuwa sukan ce bes.

Bes ba wurin laifi ba ne a asalinsa. Benci ne da butar shayi a ƙarƙashin rumfa, inda ake muhawarar ƙwallo, ake tara gudummawar biki ko suna, ake kuma jin labarin inda aiki ya samu. Sai dai duk wanda ke neman samari 30 cikin dare ɗaya ya san nan zai same su, kuma ya san da shugabansu kawai zai yi magana.

Kalmar samari ita ma tana ruɗar baƙo. A siyasar Ghana ba shekaru take nufi ba, matsayi take nufi: wanda ba ya riƙe da sarauta, ba shi cikin dattawan fada. Saboda haka ƙungiyoyin samari na ƙabilu, irin su na Kusasi da Mamprusi da Konkomba da Gwanja, sau da yawa malaman makaranta da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati masu furfura ne ke shugabancinsu. Waɗannan ƙungiyoyi ne na fili, masu rubuta takardun koke, kuma kuskure ne a haɗa su da gungun masu makami. Amma maganarsu tana da nauyi a kunnen yaran da ke bes.

3.0 Tushen abin

Turawan Ingila sun mayar da arewacin Ghana yankin kariya a farkon ƙarni na 20, suka riƙe shi a matsayin rumbun leburori. Daga nan ake kwasar majiya ƙarfi zuwa mahaƙar zinariya da gonakin koko a kudu, makarantu kuwa kaɗan aka gina. Damina ɗaya ce a shekara, saboda haka da an gama girbi sai cin rani. Har kalmar kayaye, da ake kiran 'yan matan arewa masu dako a kasuwannin Kumasi da Accra, daga kalmar Hausa kaya aka ƙera ta. Pusiga da Yendi ma sun fara zama ƙarƙashin Jamus ne, suka koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta haɗe su da Ghana.

Ƙungiyoyin samari masu yi wa jam'iyya faɗa sun bayyana sosai tsakanin 1954 da 1956, lokacin da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah ta gwabza da NLM a Kumasi. Kowane ɓangare ya tara nasa ƙarata, aka yi ta ƙone-ƙone da jefe-jefe. A daidai wannan zamani ne Kano ta ga ƙungiyar da aka sani da Jam'iyyar Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU, abin da ke nuna cewa siyasar jam'iyyu da banga tare suka shigo ƙasashen biyu. Zangon Kumasi, inda Hausawa ke da yawa, ya faɗa cikin rikicin, domin jam'iyyar Musulmi ta MAP ta haɗa kai da 'yan hamayya. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon, zuwa Nijeriya, kuma da suka kai ƙara cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu. Wannan na cikin 'yan lokutan da hukuma ta taɓa manya, amma manyan 'yan hamayya ne kaɗai ta taɓa.

Ga samarin kuwa, Nkrumah ya kafa Builders Brigade a 1957 don ɗaukar marasa aikin yi, aka sa musu kaki, ana koya musu noma da gini da fareti. A 1960 ya ƙara da Young Pioneers ta yara 'yan makaranta. Dukkansu sun zama tamkar rassan jam'iyya mai mulki, kuma da aka hamɓarar da shi a 1966 aka rushe ta biyun. Daga nan aka gaji al'adar da ta daɗe ba ta mutu ba: shirin samar wa samari aiki yana zuwa da launin jam'iyyar da ta kawo shi, yana kuma tafiya da ita.

4.0 Fatar Bawku

A arewacin Ghana sarki a kan fata yake zama, don haka rikicin sarauta rikicin fata ne. Kusasi sun fi yawa a ƙasar Bawku, kuma a al'adarsu ta dā masu kula da tsafin ƙasa, waɗanda ake kira tindana, su ne manya. Mamprusi kuwa suna da tsarin sarauta mai tushe a Nalerigu, inda Nayiri yake naɗa sarakuna. A farkon shekarun 1930 Turawa, masu son mulki ta hannun sarakuna, suka ɗora Sarkin Bawku, ɗan Mamprusi, a kan sauran sarakunan yankin.

A 1957 aka sami sarakuna biyu a gari ɗaya: wanda Nayiri ya naɗa, da Abugrago Azoka da Kusasi suka tsayar. Kwamitin bincike ya ba Kusasi gaskiya, gwamnatin Nkrumah ta amince. Sojojin da suka karɓi mulki a 1966 suka yi doka mai lamba 112, fata ta koma hannun Mamprusi. Gwamnatin Rawlings ta yi doka mai lamba 75 a 1983, ta koma hannun Kusasi, aka naɗa Abugrago Azoka II a 1984. A 2003 maganar ta je Kotun Ƙoli, aka tashi yana kan fatarsa.

Darasin da kowane yaro a Bawku ya koya daga wannan jerin shekaru a bayyane yake: fata tana bin wanda ke mulki a Accra. Saboda haka zaɓe ba zaɓe ba ne kawai. A watan Disamba na 2000 gardama kan sakamakon mazaɓar Bawku ta Tsakiya, inda Hawa Yakubu, 'yar asalin Pusiga, ta yi takara, ta rikiɗe ta zama faɗan ƙabilanci. Bayan shekara guda, a Disamba 2001, saɓani a wata rumfar sayar da tikitin caca a unguwar Sabon Gari ya haifar da faɗan kwanaki, aka rasa fiye da mutum 50. A ranar ƙarshe ta 2007, lokacin bikin Samanpiid na Kusasi, wuta ta sake tashi, ta ci har cikin 2008 da 2009.

Abin lura shi ne ƙanƙantar abin da ke kunna wutar. Rumfar caca, ko satar babur, ko jita-jita a tasha ba su isa su kashe mutum 50 ba, sai in akwai waɗanda suka riga suka shirya. Bindiga mai sarrafa kanta da harsasanta sun fi ƙarfin aljihun mai gyaran taya ko mai dakon albasa. Wani ne ya saya. Garin ya tsage gida biyu, kowane ɓangare da unguwanninsa da tasharsa da wurin cinikinsa, kuma yaron da ya taso a ciki yana iya kai shekara 20 bai taka wata unguwa da ke bayan gidansu ba. A irin wannan hali, wanda ke gadin unguwa da dare ba a kallonsa a matsayin mai laifi. Gwarzo ne, ana kai masa abinci, in an kama shi a yi karo-karon kuɗin lauya. Wannan ya bambanta shi da ɗan daban Kano, wanda sau da yawa unguwarsa ma tsoronsa take ji.

5.0 Yendi da Salaga

A Yendi rikicin na cikin gida ɗaya ne, tsakanin zuriyar Abudu da ta Andani. Daga 25 zuwa 27 ga Maris 2002 aka yi ta musayar wuta a kewayen fadar Gbewaa, aka kashe Ya Na Yakubu Andani II da mutane da dama. An kafa hukumar bincike ta Wuaku, an sa dokar ta-ɓaci, amma ba a sami wanda kotu ta hukunta kan kisan sarkin ba. Da kotu ta sallami mutum 15 a Maris 2011, samari a Tamale suka cinna wa ofisoshin jam'iyyar NDC wuta, watau jam'iyyar da suke goyon baya, domin sun ce ta yi musu alkawarin shari'a ba ta cika ba. Sai a Janairu 2019 aka naɗa Ya Na Abukari II, bayan sulhun da kwamitin manyan sarakuna uku ya jagoranta.

A cikin waɗannan shekaru ne bes-bes na Tamale suka ɗauki sunaye suka rarrabu tsakanin jam'iyyu biyu: Azorka Boys da Aluta Boys da Gbewaa Youth a ɓangaren NDC, Kandahar Boys a ɓangaren NPP, haka kuma Bolga Bulldogs a Bolgatanga. Wasu sunayen daga labaran duniya aka tsinto su, irin su Pentagon da Al Jazeera, wasu daga tarihin gida, har da Tohazie, maharbin nan na farko.

Salaga, tsohuwar kasuwar goro da bayi da Hausawa suka sani ta hanyar fataucin Gwanja, ta watse tun yaƙin basasarta na 1892 kuma ba ta koma yadda take ba. Yaƙin 1994, wanda ake kira yaƙin zabo saboda ya faro daga gardamar cinikin zabo a wata kasuwa kusa da Bimbilla, ya shafe ta ya shafi Yendi, aka kuma rasa kimanin mutum 2,000. Yarjejeniyar Kumasi ta 1996 da ta rufe shi, da shugabannin ƙungiyoyin samari na ƙabilu aka ƙulla ta, abin da ke nuna inda linzamin yake. A Fabrairu 2019 kuma, da aka zaɓi Damongo ta zama hedikwatar sabuwar jihar Savannah, samarin Salaga suka ƙona ofishin jam'iyyar NPP mai mulki.

6.0 Abin da gwamnati ta yi

Ta fuskar shari'ar yara, Ghana tana da dokoki masu kyau a takarda. Dokar Yara ta 1998 ta tanadi kwamitin sasanci a kowace gunduma don ƙananan laifuffuka. Dokar Shari'ar Ƙananan Yara ta 2003 ta ce wanda bai kai 18 ba kotu ta daban za ta saurare shi, kada a tsare shi tare da manya, kuma a fifita gyara a kan horo. Amma babban gidan gyaran hali na samari, wanda aka gada daga Turawa, yana Accra ne, fiye da kilomita 800 daga Pusiga. Yaron da aka kai can ya rabu da iyayensa da harshensa. Bugu da ƙari, dokar an tsara ta ne don yaron da ya saci waya ko akuya. Mai shekara 25 da ke riƙe da bindiga da sunan ƙabilarsa ba ya cikin lissafinta.

Ta fuskar aikin yi, gwamnatin Kufuor ta buɗe shirin NYEP a 2006. A 2012 aka sauya masa suna zuwa GYEEDA, a 2015 ya zama YEA. A ƙarƙashinsa an ɗauki samari aikin shara da koyarwa da taimakon 'yan sanda a unguwanni. Ya rage wa wasu zaman banza, ba shakka, amma albashi kan yi watanni bai zo ba, kuma mutane sun yi imani cewa sai da katin jam'iyya ake samun gurbi. Binciken 2013 ya bankaɗo almundahana a GYEEDA, kuma a 2018 kotu ta ɗaure tsohon shugaban shirin, Abuga Pele, shekara 6. Hukumar SADA da aka kafa a 2010 don raya arewa ita ma ta shiga bakin duniya, a kan shirin dasa itatuwa da na kiwon zabi, tsuntsun nan da ya riga ya ba yaƙin 1994 suna. A 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya zanguna, ta ba Boniface Abubakar Saddique, tsohon ɗan majalisar Salaga, tare da asusu na musamman. Ma'aikatar ba ta wuce 2021 ba.

Illar wannan tsari ita ce ya tabbatar wa yaran bes abin da ubangida ke faɗa musu: ka yi wa jam'iyya wahala, in ta ci a saka maka. Shi ya sa bayan kowane sauyin gwamnati ake ganin samarin jam'iyyar da ta ci suna ƙwace tashoshin mota da rumfunan karɓar kuɗin hanya da banɗakunan haya, suna kulle ofisoshin da aka naɗa wanda ba su so.

Abin ya kai maƙura a 2017, lokacin da ƙungiyar Delta Force ta fitar da jami'in tsaron jihar Ashanti daga ofishinsa da ƙarfi, sa'annan magoya bayanta suka kutsa kotu a Kumasi suka kuɓutar da mutum 13 da ake tuhuma. Daga baya tarar sidi 1,800 aka ci kowannensu. Sai kuma zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra, ranar 31 ga Janairu 2019, inda wasu masu rufe fuska, da aka ce jami'an tsaron ƙasa ne, suka yi harbi kusa da rumfar zaɓe. Hukumar Emile Short ta yi bincike, kuma a wannan shekara majalisa ta zartar da doka mai lamba 999, wadda ta haramta ƙungiyoyin banga, ta lissafa 27 da sunayensu, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Abin yabo ne cewa dokar ta haɗa har da mai ba da kuɗi. Sai dai suna abu ne mai sauƙin sauyawa, benci da butar shayi kuwa ba a haramta su. Masu faɗan Bawku ma ba su da suna ko tambari da za a sa a jeri.

Abin da ya rage wa hukuma a Bawku shi ne soja da dokar hana fita. Akwai ƙoƙarin sulhu, kamar kwamitin zaman lafiya na ƙabilu da aka kafa a 2009, wanda Hausawa ma ke da wakilci a cikinsa, kuma an sami sauƙi na wasu shekaru. Da rikici ya dawo a Nuwamba 2021, sai aka maido da dokar hana fita, aka hana sa rigar saƙi da ake kira batakari domin ana ɓoye makami a ƙarƙashinta, aka hana maza hawa babur domin a kansa maharba ke zuwa, daga baya aka haɗa da keke mai ƙafa uku. Dalilan a fili suke. Amma a wannan yanki babur shi ne motar asibiti, shi ne jarin saurayi, da shi ake kai albasa da kaji kasuwa. Dokar ta zaunar da dubban samarin da ba su taɓa riƙe bindiga ba, tare da makanikai da masu faci da masu sayar da fetur a kwalba da masaƙa, kuma inda suka koma zama shi ne bes, a daidai lokacin da ƙwayar tiramol ta riga ta yaɗu a garuruwan arewa.

7.0 Hanyar Pusiga

Pusiga ba ta neman fatar Bawku, amma hanyarta ta Bawku take bi, kuma ta cikinta fatake ke wucewa zuwa kasuwar Sinkase da ke kan iyakar Togo da Burkina Faso. Da faɗan ya fita daga unguwanni ya koma kan tituna, sai motocin 'yan kasuwa suka koma tafiya da rakiyar jami'an tsaro. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin 'yan kasuwa wuta a yankin Pusiga, mutum 9 suka mutu. A tsallaken iyaka kuma masu iƙirarin jihadi sun addabi ƙauyukan Burkina Faso, 'yan gudun hijira suna ta kwararowa tun 2022, abin da ya sa hukuma ta fara kallon kowane saurayin kan iyaka da idon tsaro. A wannan shekara aka ƙaddamar da shirin SOCO da kuɗin Bankin Duniya, dala miliyan 150 don gundumomi 48 na arewa, wanda ke gina rumfunan kasuwa da ajujuwa da rijiyoyi, yana kuma koya wa matasa sana'a.

A Fabrairu 2023 Nayiri ya naɗa Seidu Abagre a matsayin Sarkin Bawku, gwamnati ta ce naɗin ya saɓa wa doka. Shigarsa garin a Oktoba 2024 ta zo da sabon zubar da jini, har kan hanyar Walewale. A 2025 Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya yi ta ganawa da wakilan ɓangarorin biyu a fadarsa ta Manhyia da ke Kumasi. Ana cikin wannan sulhu ne, a watan Yuli, aka shiga makarantun sakandare na kwana a Bawku da Nalerigu aka harbe ɗalibai, aka rufe makarantun, aka kwashe yaran zuwa gidajensu da rakiyar jami'an tsaro.